Had ko babu had? Tambayoyi da amsoshi kan past perfect da simple past

Na daɗe ina koyar da Turanci a lesin ɗin yamma, yawanci masu shirin WAEC da NECO da JAMB, kuma duk shekara wannan 'yar kalmar had sai ta ci wa yara masu ƙoƙari maki, abin yana damuna wallahi, don ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne, bayanin ne aka yi musu a karkace tun daga JSS. Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi min a aji, na haɗa su da amsoshin da nake bayarwa a gaban allo.

Malam, a taƙaice dai mene ne bambancinsu?

Simple past abu ne ya faru ya wuce, ka faɗe shi, shi ke nan. I ate tuwo last night. She travelled to Zaria on Monday.

Shi kuma past perfect sai kana tsaye a wani lokaci da ya riga ya wuce, sannan ka waiwaya baya ka hango wani abu da ya faru kafin wannan lokacin. To wannan abin da ka hango shi ne mai ɗaukar had. Ga misalin da nake fara rubutawa a allo kullum:

When I got to the motor park, the bus left.
When I got to the motor park, the bus had left.

A jimla ta farko ka isa tasha, mota na nan, a gaban idonka ta tashi, wataƙila ma kana cikinta. A ta biyu kuwa ko ƙurarta ba ka gani ba, ka zo ka tarar da fili, sai 'yan kamasho suna ce maka ai ta tashi tun ɗazu. Kalma ɗaya ce tak ta raba wanda ya ga motar da wanda bai ganta ba.

Ya ake gina kowanne?

Aikatau na Turanci yana da siga uku, waɗanda ake haddacewa a jere: go, went, gone. Simple past yana ɗaukar ta biyu ita kaɗai, went. Past perfect yana ɗaukar had sannan ta ukun, had gone. Kuma had ɗin ba ya canzawa ko waye ke magana, I had, she had, they had, duk ɗaya ne, babu ruwanka da rigimar has da have a nan.

Masu ƙarewa da -ed ba su da matsala don ta biyu da ta uku iri ɗaya ne, cook, cooked, cooked. Masu taurin kan su ne irin su eat, ate, eaten da see, saw, seen da write, wrote, written da take, took, taken da begin, began, begun. Wasu ma ba sa motsi sam, put, put, put, haka cut, haka shut. Come kuma yana zuwa came sannan ya dawo come. Waɗannan babu dabara, hadda ce, kuma mu da muka taso da hadda a makarantar allo bai kamata guda biyar a rana su gagare mu ba. Abin da ba na so in gani a takarda shi ne had went ko had ate ko had wrote, wannan jan biro ne kai tsaye.

An ce mana abin da ya daɗe sosai da faruwa shi ake yi wa had, ba haka ba ne?

A'a fa. Don Allah a cire wannan daga kai, shi ne tushen rabin kurakuran da nake gani. Daɗewa ba ita ce magana ba. Nijeriya ta samu 'yancin kai ranar 1 ga Oktoba 1960, sama da shekara 60 ke nan, amma Nigeria became independent in 1960 za ka ce, babu had. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu a 1817, kuma duk da haka he died in 1817 ne.

Amma duba wannan: By the time Nigeria became independent in 1960, Ghana had been independent for three years. Gana ta samu nata ranar 6 ga Maris 1957. A nan mun tsaya a 1960 ne muka waiwaya, muka tarar Gana ta riga mu, shi ya sa had ya shigo. A ɗaya ɓangaren kuma, abin da ya faru minti goma da suka wuce zai iya ɗaukar had, misali When I came out of the mosque, someone had taken my shoes, yanzu-yanzun nan bayan la'asar, ko takalmin aro ba ka gama sawa ba. Ka ga ashe ba nisa ba ne, waye ya riga wani ne.

Wai Hausa tana da irin wannan abin kuwa? Ni ina ganin shi ya sa yake ba mu wahala.

Wannan tambayar ita na fi so, kuma a nan nake daɗewa, don amsar ita ce muna da shi, kullum muna yin sa, ba mu lura ba ne kawai. Saurari waɗannan biyun da kunnen Bahaushe:

Da na zo, sai suka tafi.
Ko da na zo, sun tafi.

Akwai Bahaushen da zai rikita su? Ko yaro ɗan shekara biyar ya san a ta farko an haɗu, a ta biyu an yi saɓani. Wannan suka da wannan sun, waɗanda a nahawun Hausa ake kira shuɗaɗɗen lokaci na biyu da na ɗaya, a cikin labari aikin da suke yi kusan shi ne aikin simple past da past perfect. Idan muna jero labari mukan ce muka tashi, muka shiga mota, muka isa, aka kawo mana ruwa, to wannan jerin duk simple past ne, we got up, we entered the car, we arrived. Amma da zarar mai labari ya tsaya ya ce ashe sun riga sun ci abinci, ko kuwa ashe an sayar da gidan tun bara, to ya waiwaya ke nan, kuma nan ne Bature zai ce they had already eaten, the house had been sold.

Don haka gwajin da nake ba ɗalibaina mai sauƙi ne. Ka mayar da jimlar Hausa a zuciyarka cikin labarin da ya wuce, in ka ji riga ko ashe ko tuni ko kafin nan za su zauna daidai, to had ne. In kuwa sai ce ta zauna, sai ya tashi, sai ta ce, to simple past ne. Ba na cewa gwajin nan yana kama kowace jimla, amma dai a labari da wuya ya yaudare ka.

Inda muke zamewa shi ne, mu a Hausa ya tafi ɗin nan guda ɗaya yana iya zama he went, yana iya zama he has gone, yana iya zama he had gone, yanayin maganar ne ke rarrabewa. Turanci kuma ya raba su gida uku, dole ka zaɓa. Ma'anar muna da ita a kai, aikin kawai shi ne koyon wace riga za a sa mata.

Duk inda abu biyu suka faru a baya, dole in sa had a na farkon?

Ba dole ba ne. Nan ma wani wurin ne da ake wuce gona da iri. In kana ba da labari a jere yadda abubuwa suka faru, ɗaya bayan ɗaya, simple past ya wadatar: I woke up, prayed, took my bath and left for school. Babu mai cewa I had woken up, I had prayed. Jerin da kansa ya nuna wanda ya riga.

Akwai wata ɗalibata, yarinya mai ƙoƙari sosai, rubutunta kamar na inji, ta rubuta min insha'i kan bikin yayarta, shafi biyu cur. Na zauna da daddare da fitilar waya ina dubawa, na ga kusan kowane layi da had a ciki, we had gone to the market, we had bought the lace, we had cooked, the guests had come, har ƙarshe. Na yi ta zagaye su da jan biro har takardar ta koma kamar an yayyafa mata manja. Washegari ta ga takardar idonta ya ciko, ta ce malam ai an ce mana had ya fi nuna an iya Turanci. Na zaunar da ita na ce karanta min da Hausa yadda kika rubuta, ta fara, mun riga mun je kasuwa, mun riga mun sayi leshi, mun riga mun dafa, sai ta tsaya da kanta ta ce malam ai labarin bai fara ba. Na ce to kin gani, duk share fage kike ta yi, mai karatu yana ta jiran a ce sai me ya faru, ba ki ce ba. A cikin shafi biyun nan had ɗaya ne kawai na bar mata, inda ta ce when we reached the hall, the groom's family had already arrived, kuma shi ɗin ya zauna ɗas.

To after da before fa? Wani littafi ya sa had, wani bai sa ba.

Duka biyun daidai ne. After he finished his food, he went out da After he had finished his food, he went out, babu wanda ya yi kuskure, saboda after ta riga ta faɗi wanda ya riga. Haka before. Amma when ba ta nuna jeri da kanta, shi ya sa a wurinta had yake canza ma'ana kamar misalin tashar mota. By the time kuwa, in maganar baya ake yi, kusan kullum tana jan had a ɗaya ɓangaren jimlar: By the time the doctor came, the baby had slept. In ka ga by the time a JAMB da aikatau na baya a gabanta, fara duba zaɓin da ke da had.

Na ga an rubuta had had a wani wuri, kuskuren bugu ne?

Daidai ne. Na farkon mataimaki ne, na biyun shi ne ainihin aikatau, wato have, had, had. I was not hungry because I had had lunch. Ban ji yunwa ba don na riga na ci abincin rana. Kuma a lura, I had a car ba past perfect ba ne, simple past ne na have, ina da mota a da. Sai ka ga siga ta uku ta aikatau a bayan had sannan ya zama past perfect.

Mene ne bambancin I have eaten da I had eaten?

Wurin da kake tsaye ne. I have eaten, kana tsaye a yanzu, an miƙo maka kwano ka ce alhamdulillahi na ci. I had eaten, kana ba da labarin jiya ne, lokacin da suka kawo abincin na riga na ci, I had eaten before they brought the food. Kuskuren da nake yawan ji shi ne mutum ya shigo a tambaye shi ka ci abinci, ya ce yes, I had eaten, to mai jin Turanci zai tsaya yana jiran ƙarashen maganar, kafin me? Wani kuskuren kuma I have seen him yesterday. Da zarar ka ambaci lokacin da ya wuce ƙarara, yesterday, last week, in 2015, to have ta fita, I saw him yesterday ne.

Korewa da tambaya fa?

Simple past yana aron did, kuma da did ya shigo aikatau yana komawa sigarsa ta farko: I did not go, Did you see her? Ba a cewa I did not went, did ya riga ya ɗauki nauyin lokacin. Past perfect kuma had ɗin ne ke yin aikin: I had not seen her, Had they left? A magana hadn't za ka fi ji.

Me ya sa ake canza lokaci in ana ba da rahoton maganar wani?

Saboda maganar da kanta ta zama abin da ya wuce, abin da aka faɗa a cikinta kuma ya riga ta faruwa. Mutum ya ce "I lost my phone", kai kuma gobe kana ba da labari sai ka ce He said that he had lost his phone. Ɓatan wayar ya riga faɗar. Haka in ya ce "I have paid", zai koma He said he had paid. Gaskiya a hira ta yau da kullum Turawan da kansu suna cewa he said he lost his phone kuma babu mai ɗaga musu gira, amma kai da ke gaban takardar jarrabawa ka bi ƙa'idar, ka mayar da shi baya.

If I had known ɗin nan fa, ai ba abu biyu ne suka faru ba?

Madalla, ka lura da kyau. Wannan wani aikin ne daban da past perfect yake yi, wato maganar abin da bai faru ba a baya, irin na nadama. Mu ne ma muka fi kowa sanin sa, da na sani ƙeya ce. Da na sani da ban je ba, If I had known, I would not have gone. Dubi yadda Hausa take sa da sau biyu, ɗaya a kowane ɓangare, to Turanci had yake sawa a ɓangaren if, sannan would have a ɗaya ɓangaren. Kar a sa would a duka biyun, if I would have known ba ya cin maki. Ana iya jefar da if ɗin ma a juya jimlar, Had I known, I would not have gone, ma'ana ɗaya ce. Wanda muke ji a gari, had it been I know, wannan a bar shi a bakin titi, kar ya shiga takarda.

Wish ma haka take: I wish I had read for the exam, ina ma a ce na yi karatu. Bambanci da I wish I knew, wanda shi maganar yanzu ce, ina ma na sani yanzun nan.

No sooner da hardly suna rikita ni a objective.

Haddace su bibbiyu kawai. No sooner tana tafiya da than, hardly da scarcely suna tafiya da when. In suka zo a farkon jimla, had yana tsallakowa gaban mai aikin: No sooner had we sat down than the light went off. Hardly had the imam started when the rain came. Da Hausa shi ne zamanmu ke da wuya sai aka ɗauke wuta. Masu shirya tambaya suna son wannan wurin sosai, za su sa maka when a bayan no sooner su ga ko za ka faɗa.

I'd ɗin nan had ne ko would?

Kalli abin da ke binsa. I'd gone, siga ta uku, had ne. I'd go, siga ta farko, would ne. In aikatau ɗin irin su put ne ko come da sigoginsu suka yi kama, sai ka duba sauran jimlar. A insha'i na hukuma dai rubuta su cikakku ya fi.

Had been waiting kuma fa?

Ɗan'uwansa ne, shi yana nuna abin ya ɗauki lokaci ana yi kafin wancan lokacin. We had been waiting for two hours when the bus came, mun yi awa biyu muna jira sannan motar ta zo. In tsawon lokacin ne ya dame ka, yi amfani da wannan, in kuwa kammaluwar abin ce, had da siga ta uku.

Ni daga Nijar nake, da Faransanci na yi karatu, akwai abin da zai taimake ni?

Sosai ma, ɗan'uwa, kai ka ma fi mu sauƙi. Plus-que-parfait ɗinku shi ne wannan, il était parti, j'avais mangé, he had left, I had eaten. Tsohon sunansa a Turanci ma pluperfect ne, duka daga Latin suka samo, ma'anarsa abin da ya zarce kammalalle. Kalmar perfect a nahawu kammaluwa take nufi, ba kyau ko rashin aibi ba. Abin da za ka kiyaye shi ne Turanci had kaɗai yake amfani da shi, babu zaɓi tsakanin avoir da être, kuma passé composé ɗinku sau da yawa simple past ne a Turanci, je l'ai vu hier shi ne I saw him yesterday. 'Yan Islamiyya da suka yi nisa a nahawun Larabci su ma suna da madogara, kana ƙad zahaba, ya kasance ya riga ya tafi, shi ne he had gone.

A insha'in WAEC, sau nawa ya kamata in sa had?

Babu adadi, amma ga yadda nake koya wa nawa. Ana neman kalmomi wajen 450, in ka zaɓi labari to gangar jikin labarin gaba ɗaya simple past ce, da ita za ka yi tafiyar. Had kuma ka ajiye shi sai wurare uku: inda za ka koma baya ka bayyana dalili, kamar I was afraid because my father had warned me, da inda jarumin ya zo ya tarar an riga an yi wani abu, da kuma wurin nadama in labarin irin wanda ake cewa a ƙare shi da had I known ne. In ka koma baya kuma bayanin ya yi tsawo, ba sai kowace jimla ta ɗauki had ba, ɗaya ko biyu na farko sun isa su nuna wa mai dubawa ka waiwaya, daga nan ka ci gaba da simple past, in za ka dawo kan labarin ka sa wata alama kamar that morning ko now.

Kuma don Allah a bar minti biyar a ƙarshe. Bi takardar da bakin biro, duk inda ka ga had ka tsaya ka tambayi kanka kafin me, in ka iya nuna amsar a cikin labarin ka bar shi, in babu ka soke shi ka mayar da aikatau siga ta biyu.

Malam a ba mu na gwaji mana.

To ga uku, a cike da aikatau ɗin da ya dace. Na ɗaya da close: When we reached the bank, it ___, so we went back home. Na biyu da move: The capital ___ from Lagos to Abuja in 1991. Na uku da tell: If you ___ me, I would have come.

Na ɗaya had closed ne, tunda komawa gida kuka yi, kun tarar an rufe. Na biyu moved, shekara ce aka ambata kuma babu wani lokacin da aka tsaya ana waiwaye. Na uku had told. Wanda ya faɗi na biyun ya koma tambaya ta uku ya sake karantawa a hankali, sannan ya rubuta jimla biyar kan abin da ya yi jiya ba tare da had ko ɗaya ba.